Tayar Da Baba Tsoho Bai Wanke Ba

Daga Allah muka zo, gare Shi kuma komawarmu take. Baba Tsoho, mahaifin babana, ya rasu ranar Alhamis da hantsi bayan zazzaɓin kwana biyu, aka kai shi makwancinsa da azahar. Ban saba rubutu mai tsawo ba in ba na makaranta ba. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne tun ba a yi kwana uku ba na ji ana ba da labarinsa iri-iri, har na fara rasa wanne ne mutumin da na sani.

Ni aka ɗora wa kai ruwa da kwashe kwanuka tsakanin zaure da cikin gida, don haka kunnena ya ji na maza ya ji na mata. A waje, wani mutum da ya zo a babur daga wajen Minjibir ya ce shekara da shekaru injin ban-ruwansa bai san hannun kowa ba sai na marigayi. Wani dattijo ya ce tare suka yi yawon babbar mota suna samari, shi yana tuƙi marigayi yana gyara, kuma bai taɓa jin ya zagi ƙarfe ba, alhali duk bakanike yana zagin ƙarfe. Aka yi 'yar dariya, aka koma salati. A cikin gida kuwa, bayan an gama "ya haƙuri" da "Allah Ya jiƙansa", sai muryoyi su yi ƙasa. Gwaggona, ƙanwar babana, ita ta fara faɗa: "Allah ma Ya rufa masa asiri. Watan nan na ƙarshe ai kan ya fara taɓuwa." Wata maƙwabciyarmu ta ce ita ma ta lura. Inna, kakata, tana lulluɓe a kan tabarma tana jan carbi.

Baffa, yayan babana, shi ne ɗan farin Baba Tsoho. A Bacirawa yake zaune da iyalinsa, yana sana'ar yadi a birni. Ranar da aka yi rasuwar da yamma na je ɗaukar buta a bayan zaure, na ji shi yana tambayar babana a hankali.

"Bai ce komai a kaina ba?"

"Yaya, zazzaɓin ya rufe shi. Bai yi magana da kowa ba."

"Ko sau ɗaya?"

"Ko sau ɗaya."

Baffa ya ce, "To da fushina ya tafi."

Washegari ya sake yi wa babana tambayar, rana ta uku ma haka. Abinci kuwa yadda na ajiye masa haka nake zuwa in ɗauke.

Baba Tsoho gajere ne, mai faɗin tafin hannu, kuma ko ya wanke hannun da toka da sabulu, baƙin mai ba ya barin gefen farcensa. Yana da rumfa a jikin katangar gidanmu, nan ake kawo masa injin niƙa da na ban-ruwa da babur, wani lokaci har tarakta. Ba ya yar da ƙusa ko noti. Gwangwanayen madara ne jere a kan katako, kowanne da irin abin da ke cikinsa. In an kawo masa inji ba ya taɓawa sai ya zaunar da mai shi ya yi ta tambaya: yaushe ya fara, da safe ko da rana, wa ya taɓa shi, me ya canza a gidan. Wasu har su ƙosa. Wani ya taɓa ce masa, "Malam, inji na kawo, ba aure na zo nema ba." Baba Tsoho ya ce, "Ai shi injin ba zai gaya mini ba, kai ne mai baki." In kuma ya fara gyara, abu ɗaya yake canzawa, ya tayar ya saurara, sannan ya taɓa na biyu. Yakan ce wanda ya canza abu uku a tashi ɗaya, ko injin ya tashi bai san me ya gyara ba.

Akwai wata tsohuwa a unguwarmu da mijinta ya rasu ya bar mata injin markaɗe. Duk sanda ya lalace, Baba Tsoho zai ce mata ya tsinci kayan gyaran a cikin gwangwanayensa, ba sai ta sayi komai ba. Ni kuwa na sha ganin ledar shago a aljihun rigarsa ranar kasuwa, da sabon ƙarfe a ciki. Sai ya shafa masa baƙin mai kafin ya ɗaura, don ya yi kama da tsoho.

Ni yana kirana amaryarsa, kamar yadda kakanni ke yi. In na kai masa kunu ya ce, "Amarya, yau ma da kunya aka dama?" Ba na iya ramawa kamar sauran jikoki, sai in sunkuyar da kai in gudu. Amma wasan nan da yake yi da kowa, ban da mutum ɗaya. Baffa ɗan fari ne, kuma Baba Tsoho mutumin da ne a wannan wajen. Ban taɓa jin sunan Baffa a bakinsa ba. "Wancan" yake cewa, ko "na birni". Ba ya kallonsa ido cikin ido, ba ya tambayarsa lafiyar iyali kai tsaye. Ko suna zaune a tabarma ɗaya, babana ne ke tsakiya, ta kansa magana ke bi ta je ta dawo. Mu mun taso mun ga haka, ba mu ɗauke shi komai ba.

Bara Baffa ya sayi wata mota 'yar Kwatano, ja, mai ƙofa biyu, irin ta masu tsere. Cikinta ya kusa taɓa ƙasa, in za ta shigo ta burtalinmu sai ta riƙa karkacewa tana guje wa sawun amalanke. Ranar da ya fara zuwa da ita, Baba Tsoho ya zagaya ta sau biyu hannunsa a baya, sannan ya ce wa babana, "Tambayi wancan, ina ake sa buhu?" Kowa ya yi dariya, har Baffa.

Duk Asabar da yamma Baffa ke zuwa, ya kwana, ya koma Lahadi da hantsi. Duk Lahadi kuma, in an sauko daga sallar asuba gari ya fara haske, Baba Tsoho zai tayar da ƙaramin injin da ke bakin rijiyar lambunmu, ya jawo tiyo ta ƙofar baya, ya wanke motar nan tas. Ba ya barin kowa ya taya shi. Har durƙusawa yake yi ya cusa bakin tiyon bayan tayoyi ya fitar da jar ƙasa. Ni lokacin nake sharar ƙofar gida, shi ya sa nake gani. Kafin Baffa ya fito ya naɗe tiyonsa ya koma rumfa. Baffa bai taɓa cewa an gode ba, shi ma bai taɓa cewa ni na wanke ba.

Da bazara ta shigo sai motar ta fara kunna wasu fitilu biyu masu ruwan ɗorawa a gaban direba. Ɗaya an rubuta ABS a jikinta, ɗayar hoton mota ce da layi biyu a karkace a bayanta. Baffa ya yi wa babana bayani cewa ta farkon ta na'urar da ke hana taya ƙamewa ce in an taka burki da ƙarfi, ta biyun kuma ta mai hana motar zamewa ce, in sun kama na'urorin sun daina aiki ke nan. Abin da ya fi ɗaure masa kai, ba kullum suke kamawa ba. Su zo, su kwana, su tafi da kansu. Ya kai wa masu kwamfuta a birni. Na farko ya ce kwamfutarsa ba ta ga komai ba. Na biyu ya canza wani abu a tayar gaba, bayan mako guda fitilun suka dawo. Na uku ya ce sai an canza akwatin burkin gaba ɗaya, in kuma bai shirya ba, ya rufe fitilun ya huta, ai burki yana ci.

Wata Lahadi da asuba na ga Baba Tsoho ya tsaya cak da tiyo a hannu, ruwa na zuba a ƙafarsa, yana leƙen cikin motar ta gilashi. Baƙin salatif ne guda biyu manne a inda fitilun suke.

Bayan an karya kumallo ya sa aka kira Baffa da babana zaure. Ina bayan ƙofa da tire.

"Gaya wa wancan," ya ce wa babana, "wa ya rufe wa motar nan baki?"

"Ka ce wa Baba masu gyaran ne suka ce ba komai," in ji Baffa.

"Tambaye shi, da ba komai, wanda ya ƙera ta zai ɓata kuɗinsa ya sa fitila?"

"Ka ce masa burki yana ci."

"Tambaye shi ko ya taɓa taka shi da ƙarfi a kan rairayi, fitilar tana kunne."

Babana ya kalli Baffa. Ashe an yi haka, akuya ta gitta masa a hanyar Makoda, motar ta juya gefe da shi har ta sauka daga titi, da yaransa biyu a baya. Bai gaya wa kowa ba sai babana.

"To gaya masa," in ji Baba Tsoho, "jikokina ba za su sake shiga motar nan ba sai an san abin da ke damunta. Ya bar mini ita kwana biyu."

Nan ne Baffa ya yi abin da ban taɓa gani ba. Bai bi ta kan babana ba, ya dubi Baba Tsoho ya ce, "Baba, wannan fa ba injin niƙa ba ne."

Baba Tsoho ya kalli tafin hannunsa, ya juya bayansa ya kalla, sannan ya miƙe ya fita. Ya buɗe motar ya ɓare salatif ɗin, ya manna shi a jikin ginshiƙin rumfarsa, ya zauna ya ci gaba da kwance wani injin ban-ruwa.

Da la'asar ɗin ranar ya sa babana ya kira Baffa a waya ya tambaye shi ranakun da fitilun ke kamawa. Baffa ya amsa a gajarce. Ya ce galibi ranar Lahadi a hanyar komawa, wani lokaci su kai Litinin, daga Talata kuma shiru. Babana ya maimaita. Baba Tsoho ya ce a sake faɗa, aka sake. Sai ya zauna yana kallon inda tiyo ke rataye, ya daɗe ƙwarai, har na ɗauka gyangyaɗi yake yi.

Asabar ta zagayo Baffa ya zo gaida Inna kamar kullum. Ya durƙusa wa Baba Tsoho, aka amsa masa kamar yadda aka saba, ba ƙari ba ragi. Lahadi da asuba Baba Tsoho ya tayar da inji, ya jawo tiyo, ya durƙusa a tayar gaba ta hagu. Ya wanke ta ciki da waje, ya daɗe yana fesa ruwa a bayanta. Daga nan sai ya kashe inji ya naɗe tiyo. Na tsaya da tsintsiya ina jira ya dawo, bai dawo ba. Baffa ya fito ya tarar da motarsa buɗu-buɗu da jar ƙasa, taya ɗaya tana ƙyalli. Ya tsaya yana kallo, ya shiga ya tafi.

Da yamma Baba Tsoho ya ce wa babana, "Kira wancan. Fitilar ta kama?" Aka ce ba ta kama ba. Ya ce, "To."

Lahadi ta biyu, tayar gaba ta dama kaɗai ya wanke. Ta uku, ta baya ta hagu. Kowane yammaci tambayar ɗaya ce, amsar ma ɗaya. A nan ne gida ya fara ƙus-ƙus. Gwaggo ta ce haka surukinta ya fara, ya ɗauki aiki ya manta tsakiya. Babana ya ce ƙila bayansa ne ke ciwo. Baffa kuwa ya ce wa babana shi ya gane saƙon: an nuna masa cewa ana iya wankewa, an fasa ne. Ranar Lahadi ta ukun ko kunu bai tsaya sha ba. Ni kaina ban san me zan ɗauka ba. Mutumin da nake gani da asuba bai yi mini kama da mai fushi ba, bai kuma yi kama da wanda ya manta ba, don har kwanciya yake yi a ƙasa ya leƙa. Amma wa zan gaya wa, kuma in ce me? Talata zazzaɓi ya kama shi. Lahadi ta huɗu ta same shi a kabari.

Ranar addu'ar bakwai, bayan an watse, Gwaggo ta shiga rumfarsa tana tattara kaya. Ta janye wani tsohon kwano da ke jingine da katanga, sai ga zane da gawayi: da'ira huɗu, biyu sama biyu ƙasa, uku an ja musu layi a tsakiya, ta ƙasa ta dama ba a taɓa ta ba.

"Kun gani ko?" ta ce. "Har zane-zane ya koma yi kamar yaro. Ke, jiƙo tsumma ki goge kafin baƙi su gani."

Na jiƙo tsumman. Na tsaya a gaban katangar ruwa na ɗiga a ƙafata, ina kallon zanen. Baffa yana zaune a kan benci a bakin rumfar, ya zuba wa ƙasa ido. Ban taɓa fara yi masa magana ba in ba gaisuwa ba.

"Baffa," na ce. Bai ji ba, sai da na sake.

"Na'am, amaryar Baba. Mene ne?"

"Ba taya ɗaya yake wankewa ba."

"Ban gane ba."

"Kowane sati daban. Ta gaba ta hagu, sai ta gaba ta dama, sai ta baya ta hagu." Na nuna da'irorin da yatsa. "Kuma ba wajen yake wankewa sosai ba. Cikin yake fesawa, ta baya."

Gwaggo ta ce, "To sai me? Ai shi ne rikicewar."

Baffa ya taso ya zo gaban katangar. Ya ɗora yatsa a kan da'irar farko, ya matsa ta biyu, ya sauko ta uku. Ya tsaya a ta huɗu.

"Ruwa?" ya ce, kamar shi kaɗai. "A tsakiyar bazara?" Ya juya wajen babana da ya shigo lokacin. "Tun da ya daina wanke motar duka, fitilun sun kama?"

"Kai za a tambaya, Yaya. Sau uku ina kiranka kana cewa a'a."

Baffa ya tattare hannun rigarsa ya nufi lambu. Ya ja igiyar injin sau biyar bai tashi ba, sai da babana ya karɓa. Da fararen kayansa na zaman makoki ya durƙusa a tayar baya ta dama, ya cusa tiyo ta ciki ya yi ta fesawa, jan ruwa na gangarowa ta ƙarƙashin gwiwoyinsa. Sauran mutanen da ba su tafi ba suka taso suna kallo. Na ji wani yana cewa a hankali, "Shi ma ɗan ya taɓu ne?" Baffa ya shiga motar ya bi burtali ya fita titi.

Muka tsaya. Gwaggo ta ce ita dai ba ta ga amfanin wannan ba. Ni ina ta tunanin in ba su kama ba fa, da na bar bakina a rufe. Har aka kira la'asar ba shi ba alamarsa.

Ana shirin tayar da salla sai ga motar tana tafe a hankali. Ya tsaya a ƙofar gida bai kashe ba, bai kuma fito ba. Babana ya je ya leƙa ta taga, ni ma na matsa daga bayansa. Fitilu biyu masu ruwan ɗorawa suna nan a kunne.

"Tun daga kwanar makarantar firamare," in ji Baffa. "Na kashe na tayar sau uku. Suna nan." Ya kifa goshinsa a kan sitiyari. "Ashe aiki yake yi mini. Sati uku yana yi mini aiki, ni ina can ina..." Bai ƙarasa ba.

Daga baya mai gyaran wayar mota ya zo daga birni ya cire tayar, ya nuna wa babana inda robar wata 'yar waya ta tsage, ruwa yana shiga ya kwana ciki kafin ya bushe. Na ga wayar, ba ta kai kaurin tsinken tsintsiya biyu ba. Har yanzu akwai abin da ban gane ba. Ban san ko Baba Tsoho ya yi shiru ne don kunyar ɗan fari, ko don ba ya faɗin abin da bai tabbatar ba, ko don nauyin cewa ruwan hannunsa ne ke tayar da ciwon. Na tambayi Inna, ta ce in je in ɗora ruwan zafi.

Amma a ranar, da aka idar da la'asar, Baffa bai dawo gida tare da mutane ba. Daga masallaci ya bi hanyar maƙabarta da ƙafa, wandonsa jiƙe da jar laka har gwiwa. Motar tana nan a kunne ƙofarta a buɗe, sai babana ne ya kashe ta.

Allah Ka yafe wa Baba Tsoho, Ka yalwata masa makwanci, Ka karɓi ayyukansa na fili da waɗanda ya yi kafin kowa ya tashi.